Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara? Canjin mai kaɗai ba zai cece ka ba

Yau maganar inji na kawo muku, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Duk wanda ya zauna lissafin fara kiwon kifi ko kaji, za ka ga ya jera kuɗin 'ya'yan kifi, abinci, tamfol ko kwami, magani da rigakafi, komai dalla-dalla. Inji kuwa layi ɗaya ake ba shi: "injin ruwa guda ɗaya, kaza." Daga ranar da aka saya, ba a sake tuna shi sai ranar da ya ƙi tashi. Ni a ganina wannan babban giɓi ne a yadda muke koyon sana'ar nan. Mai kiwon kifi a tamfol, ran kifinsa yana hannun injin ban ruwa. Mai keji a dam, ko mai zuwa sarin kifi a bakin Kainji, Yawuri ko Baga, ransa da jarinsa suna kan injin kwale-kwale. Mai ƙyanƙyasar kaji kuma janareta ce uwar ƙwansa har kwana 21.

Cikin cututtukan inji akwai guda ɗaya da manomi zai iya ganewa da idonsa, ba tare da ya biya ko sisi ba: shigar ruwa cikin mai. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, idan ka ga mai ya yi fari, zubar da shi a zuba sabo bai gama aikin ba. Dole a gano ƙofar da ruwan ya bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ruwa ke yi wa inji?

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su gogi juna. Shimfiɗar man da ke tsakanin karanshaf da mazauninsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma ita ce ke ɗauke da duk bugun da fistin ke yi. Idan ruwa ya shiga, inji yana juyawa yana kaɗa su tare kamar yadda ake dama fura, sai su zama wani abu mai kalar shayi da madara ko kunun gyaɗa. Wannan haɗin ba ya iya riƙe nauyi kamar tsantsar mai. Ƙarfe ya fara cin ƙarfe. In an kashe inji ya kwana biyu a ajiye, ruwan ya kwanta a kan boris ya sa tsatsa. Ga kuma dasƙararren datti da ke toshe ƙananan hanyoyin mai.

Inda abin ke yaudarar mutane shi ne injin ba ya mutuwa nan take. Zai tashi, zai yi aiki, har ka ce ai lafiyarsa ƙalau. Yana cin kansa ne a hankali, sai ranar da ya yi nokin.

Gwaji huɗu da kowa zai iya yi a gona

Na farko, ido. Zaro geji ko buɗe murfin mai kafin ka tayar da inji. Sabon mai kalar zuma gare shi, wanda ya yi aiki kuma yana yin duhu zuwa baƙi, musamman a injin gas. Baƙi ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne toka-toka, fari-fari, ko kumfa.

Na biyu, kwalba. Tsiyayo ɗan mai a kwalbar da ake ganin cikinta, ka ajiye ta wuri ɗaya ta kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka wanda bai gama haɗewa ba zai koma ƙasa, ka gan shi a kwance. Saboda wannan dalilin ne in inji ya kwana bai yi aiki ba, ka sassauta notin zubar da mai kaɗan, ruwa ne zai fara ɗigowa kafin mai.

Na uku, zafi. Wannan shi ne ke tona ruwan da ido bai gani ba. Samu murfin gwangwani ko tsohon cokali, ɗora a wuta ya yi zafi sosai, ka girgiza man da ka ɗebo, ka ɗiga ɗigo ɗaya. Tsantsar mai zai baje ya yi hayaƙi shiru. Mai ruwa kuwa zai yi ƙara "tas-tas" kamar an jefa jiƙaƙƙen kifi a kaskon suya, domin ruwa na tafasa a digiri 100, mai kuwa bai kai ga tafasa ba. A ɗakunan gwaji ma ana yin irin wannan a kan faranti mai zafin kusan digiri 160. Sai dai a yi shi a fili, nesa da jarkar fetur, kuma a kawar da fuska. In man yana warin fetur, kada a kai shi kusa da wuta sam.

Na huɗu, ma'auni da hanci. Inji ba ya haihuwar mai. In ka cika shi daidai layi, bayan kwana biyu ka ga ya haura, to wani abu na shiga ciki. In man ya tsinke kuma yana warin fetur ko gas, matsalar daga kafireto ce ko wajen feshin mai. In ya yi kauri ya yi fari, ruwa ne.

Bayan ka tabbatar ruwa ne, tambaya ta gaba ita ce wane irin inji ne a hannunka, domin kowanne da ƙofarsa.

Injin kwale-kwale

Yawancin injinan da ake ratayawa a bayan kwale-kwale a kogunanmu, irin Yamaha mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, waɗanda ake haɗa musu mai a cikin fetur ne. Ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato rabin litar mai ga tanki mai lita 25, amma kowa ya duba littafin injinsa. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai a sama. Man da ruwa ke shiga shi ne man giya, wanda ke can ƙasa a ƙafar inji, kusa da farfela, wurin da kullum yake nutse a ruwa.

A jikin ƙafar akwai sukuru biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Tsayar da inji a miƙe, bar shi ya huta, sa kwano a ƙasa, sassauta na ƙasan. Abin da ya fara fitowa shi ne shaidarka. In ruwa ne zalla ko farin mai, akwai kafa. Wasu sukurorin suna da maganaɗisu a baki: ɗan garin ƙarfe mai laushi ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashi mai kaifi, haƙoran giya sun fara cin juna.

Ina ruwan ke bi? Abu na farko da za a zarga shi ne zaren nailan na fatsa ko na kalli. Yana naɗewa a bayan farfela, zafin juyawa ya narkar da shi, ya yanke robar da ke tare ruwa, wadda makanikai ke kira oyil sil. Duk mai tuƙa jirgi a inda ake kafa raga, ko a gefen kejin kifi, ya kamata ya saba da cire farfela yana duba bayanta. Abu na biyu shi ne 'yar washar da ke jikin sukurun nan biyu. Ƙaramar aba ce mai arha, amma mutane na maimaita tsohuwa har ta tsage. Na uku, sil ɗin sama da ke ƙarƙashin famfon ruwan injin. Na huɗu, sandar farfela da ta lanƙwashe bayan an daki dutse ko kututture, wadda za ta ci duk sabon sil da aka sa mata.

Bakanike na ƙwarai ba ya canki-canka. Zai zubar da man, ya hura iska cikin ƙafar da ɗan famfo mai geji, ya ga ko iskar na tsayawa, sannan ya nemi inda kumfa ke fita. Wajen zuba sabon mai kuma daga ramin ƙasa ake turawa har sai ya fito ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa. Wanda ya zuba daga sama zai bar iska a ciki, ya ɗauka ya cika alhali bai cika ba.

In injin jirginka irin na zamani ne mai tukunyar baƙin mai daban, to wuri biyu za ka riƙa dubawa: man giya a ƙasa, baƙin mai a sama. A saman, ruwa na iya zuwa daga tof gaskit, daga tsagewa ko zaizayar ƙarfe, ko kuma daga injin da ba ya kai zafin aiki saboda abin daidaita zafinsa ya maƙale a buɗe ko an cire shi.

Injin ban ruwa da ƙaramar janareta

A nan ne nake ganin ana cutar masu ƙaramin jari. Injin ban ruwa mai fetur, mai bakin inci 2 ko inci 3, da ƙaramar janaretar gida, iska ce ke sanyaya su. Babu lagireto, babu hanyar ruwa a cikin ƙarfen injin. Don haka duk wanda ya ce maka tof gaskit ce ta ƙone shi ya sa ruwa ya shiga mai a irin wannan inji, ka tambaye shi: ruwan daga ina? Gaskit na iya ƙonewa, ƙarfi ya ragu, amma ba ta da ruwan da za ta saki.

Ruwan daga waje yake zuwa. A injin ban ruwa, akwai sil tsakanin kan famfo da jikin inji. Yana lalacewa in an tayar da famfo ba a cika shi da ruwa ba, ko in yana jan ruwa mai yashi. Alamarsa ɗigar ruwa a tsakanin famfon da injin yayin aiki. In aka ƙyale, ruwan na iya bin sanda ya wuce sil ɗin mai. Sauran ƙofofin su ne ruwan sama ta salansa ko ta matatar iska, murfin mai da ba a ɗaure da kyau ba, wanke inji da tiyo, ambaliya a fadama, da man da aka ajiye a buɗaɗɗiyar jarka.

Akwai kuma raɓa. Injin da ake tayarwa minti biyar a kashe, musamman da damina ko da sanyin hunturu, ba ya yin zafin da zai kori tururin da ke taruwa a cikinsa. Alamar ita ce ɗan farin kitse a ƙarƙashin murfi, alhali man da ke jikin geji garau yake. Wannan ba ya buƙatar a kwance inji. A canza mai, a bar shi ya yi aiki da kaya kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a sake dubawa.

Injin gas mai tankin ruwa a ka

Waɗannan su ne masu silinda ɗaya da muke gani a injin niƙa, a manyan famfuna da wasu jiragen katako. Su kam ruwa ke sanyaya su, don haka zargin gaskit yana da tushe. Ƙofofin uku ne: tof gaskit, robobin da ke ƙasan hannun rigar silinda, ko tsagewar kan inji. Alamomin suna tafiya tare: ruwan tanki na raguwa fiye da yadda aka saba ba tare da an ga inda yake zuba ba, mai na hawa a geji, kumfa na tasowa a tankin tun inji bai yi zafi ba, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Babban abin da ke tsaga kan irin wannan inji shi ne a bari ruwa ya ƙafe, ƙarfe ya yi jajir, sannan a kwara masa ruwan sanyi. In ruwa ya ƙafe, kashe shi, bar shi ya huce da kansa.

"Ai ni ba bakanike ba ne"

Na san wani zai ce haka. Gaskiya ne, kuma ban ce ka kwance inji ba. Kai ba likitan dabbobi ba ne, amma kana gane kashin kazar da ba ta da lafiya, kana gane kifin da ya tsaya tsaye a saman ruwa. Wannan ma haka yake. Wanda ya je gareji ya ce "injina ya lalace" ya miƙa wuya ga duk abin da aka faɗa masa. Wanda ya je ya ce "mai ya yi fari, na canza, bayan awa uku ya koma, kuma ruwa na ɗiga a bayan famfo" ya riga ya nuna inda za a taɓa. Makanikai nagari suna son irin wannan kwastoma, domin yana rage musu lalube.

Wani kuma zai ce ai canjin mai ya fi gyara arha, gara ya riƙa canzawa duk sati. Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Ƙaramin injin ban ruwa irin mai doki biyar da rabi yana shan kusan lita 0.6 na mai, kuma ƙa'idarsa canji na farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100 ko wata shida. Wanda ke canzawa duk sati saboda ruwa yana kashe kuɗin mai ninkin-ba-ninkin, kuma tsakanin canji da canji injin na aiki da gurɓataccen mai. Ya biya kuɗin mai, kuma a ƙarshe zai biya kuɗin karanshaf. Sil guda ɗaya da washa sun fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Asarar gaske ma ba a jikin injin take ba. A kiwon kifi, abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa. Bayan wata huɗu ko biyar kana ciyar da tarwada, kusan duk jarinka yana iyo a cikin tamfol. A lokacin ne kifi ya fi girma, ya fi ci, ya fi fitar da ƙazanta, ruwa kuma ya fi saurin lalacewa da amoniya. Famfo ya tsaya kwana biyu ko uku a irin wannan lokaci, ka san abin da zai biyo baya. Karfasa ta fi tarwada saurin galabaita in iska ta yi ƙaranci a ruwa. Mai ƙyanƙyasa kuma, injinsa na buƙatar zafin kusan digiri 37.5 ba yankewa. Mai jirgi shi ne nasa ya fi muni, domin giyar da ta kama a tsakiyar Kainji da iska na kaɗawa magana ce ta rayuka.

A ɗaya ɓangaren kuma, kada tsoro ya sa ka yarda a farke maka inji saboda ɗan farin kitse a murfi. Ƙa'idata ita ce a fara da mai sauƙi: murfi, washa, ruwan sama, raɓa. A canza mai, a yi aiki, a sake dubawa. In ya dawo, sai sil. Buɗe kan inji shi ne na ƙarshe.

Bayan an toshe ƙofar, canji ɗaya ba ya wanke ciki. Zuba mai, bar inji ya yi zafi, zubar, sake zubawa, har sai ya fito garau. In kuwa inji ya nutse gaba ɗaya, kada ka ja igiya don ka ga ko zai tashi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in yana cikin silinda zai iya lanƙwasa hannun fistin. Cire filogi, juya inji a hankali ruwan ya fita, zubar da mai da fetur, kuma a yi aikin a ranar, domin da zarar iska ta taɓa jiƙaƙƙen ƙarfe tsatsa ta fara.

Ga masu sayen na hannu

Yawancin masu farawa injin hannu suke saya, kuma ba laifi ba ne. Amma ka je da safe kafin a tayar da shi, ka buɗe mai da hannunka. Tsohon inji da sabon mai tas a ciki abin tambaya ne, domin mai sayarwa na iya canzawa a daren jiya. Ka nemi a bar shi ya yi aiki da ruwa kamar minti 30, sannan ka sake duba geji. In injin jirgi ne, ka nemi a sassauta sukurun man giya a gabanka bayan an zagaya da shi a ruwa. Wanda ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa. Araha ba ta ado.

Ina za a kai gurɓataccen man?

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kada a zubar da shi a bakin kwami, a magudanar da ke komawa rafi, ko kusa da rijiya. Mai kaɗan yana baje wa a saman ruwa ya rage shigar iska, yana manne wa kifi a wajen numfashinsa, tarwada kuma da ke tasowa shaƙar iska a sama ta cikinsa za ta ratsa. Kifin da ya tsira ma yana iya ɗaukar warin mai a namansa, kuma dillalin da ya ɗanɗana sau ɗaya ba zai dawo ba. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da abincin kaji da na kifi. Injin ban ruwa kuma a ɗora shi a kan tire ko faranti, a yi masa 'yar rumfa, a ajiye shi a inda ɗigarsa ba za ta gangara cikin ruwan kifi ba.

Shawarata ta ƙarshe: a littafin da kake rubuta abinci da mace-mace, ware shafi ɗaya na inji. Rubuta awannin da ya yi, ranar canjin mai, da kalar man da ka gani. Duk safiya kafin ka ja igiya, zaro geji ka kalla. Bai kai minti ɗaya ba. Yaron gonarka ma ka koya masa, ka ce masa in ya ga kalar shayi da madara ya ajiye injin ya kira ka.

Masu jirgi da makanikan da ke cikinmu, ku ƙara mana da abin da kuka gani a wajen aiki don na baya su amfana. Allah ya tsare mana jarinmu, ya sa albarka a kiwonmu. Amin.